Iyafis mai ɗumin sauti: ina ɗumin yake, kuma me kuɗinka ke saye?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin masu kayan waya a Circle, ko ya kutsa cikin Tip Toe Lane, ya san yadda cinikin iyafis ke tafiya a Accra. Kana cewa kana son mai daɗin sauti, mai kaya zai zaro ɗaya ya ce, "Maigida, wannan bes ɗinsa ba a magana," ya ƙure ƙarar waya, ya sako kiɗa mai girgiza haƙora. Minti ɗaya ya isa mutum ya gamsu ya biya. Sai an kwana biyu, ana cikin sauraron tafsiri ko wata tsohuwar waƙar hailaif, a ji muryar ta ja baya ta sirance, ga wani kaifi yana sukar kunne, kafin rabin awa an cire an ajiye.

Abin da akasarin mutane ke nufi da "mai daɗi" shi ne abin da masu harkar sauti ke kira ɗumi: murya cikakkiya mai kauri, kiɗa mai jiki, saman sautin kuma a lafe, yadda za a daɗe ana ji kunne bai ƙosa ba. Kuskuren da ya fi cinye wa mutane kuɗi shi ne ɗaukar ɗumi da yawan bes abu guda. Sau da yawa ma iyafis ɗin da ya fi kowanne dukan ƙirji shi ne ya fi ramar da murya. Wannan rubutu na mai neman iyafis mai ɗumi ne a matsakaicin farashi.

Sauti girgizar iska ce, ana ƙirga sau nawa take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, ma'aunin kuwa shi ne Hz. Kunnen yaro lafiyayye yana kamawa daga wajen 20 zuwa 20,000, kuma saman yana zaizayewa da shekaru. Daga 20 zuwa 60 shi ne gindin bes, wanda jiki ya fi kunne jin sa, irin rugugin da ke ƙarƙashin amapiano da asakaa na samarin Kumasi. Sama da nan kaɗan bugun ganga da jitar bes suke. To, tushen muryar namiji baligi yana tsakanin 85 da 180, na mace kuwa tsakanin 165 da 255. Wato kaurin nan da ake ji a ƙirjin mai karatu, da cikar muryar mai bege, suna zaune ne daga 100 zuwa wajen 400. Nan ne gidan ɗumi.

Iyafis mai ɗumi shi ne wanda aka ɗan ɗaga masa wannan yanki, da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) biyu zuwa huɗu sama da tsakiya, aka bar shi ya gangaro sannu a hankali har wajen 500. Wanda mai kaya ke yi wa kirari da bes kuwa galibi gininsa daban ne. An ɗaga gindi sosai, an ɗaga sama sosai, an bar tsakiya a rami. Masu harkar suna ce masa siffar V, don haka yake fitowa a zanen awo. Wannan gini yana burge kunne nan take, musamman cikin hayaniyar kasuwa, shi ya sa ya cika tebura. Amma muryar ɗan Adam a cikin ramin nan take.

Ɗumin ma yana da iyaka. Sauti mai kauri ya fi danne wanda ke samansa fiye da yadda siriri ke danne na ƙasansa. Haka halittar kunne take. Idan aka cika yankin 200 zuwa 300, sai ya malalo kan murya, bugun kalangu ya rasa tsininsa, goge da jita su cakuɗe, ka kasa bambance wane ne wane. Kamar koko ne: wanda ya yi ruwa ba ya riƙe ciki, wanda aka cika wa gasara kuma sai ya ƙi shiga maƙogwaro. Akwai kuma wani nau'in da ake rikita shi da ɗumi, wato mai duhu, wanda ba a ƙara masa komai a ƙasa ba, saman kawai aka yanke. Shi ba ya gajiyar da kunne, amma kuma ba ya ƙosar da shi; komai sai ya fito a dushe.

Rabin ɗumi ke nan. Ɗaya rabin yana can sama, kuma shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba. Ramin kunne tsawonsa wajen santimita 2.5 ne, dodon kunne ya rufe ƙarshensa. Shi da lanƙwashe-lanƙwashen kunnen waje suna ƙara wa sautin da ke kusa da 3,000 Hz ƙarfi tun kafin ya isa ciki, kuma ƙwaƙwalwa ta saba da wannan ƙari tun haihuwa. Da ka cusa iyafis, ka toshe ramin, ka tsallake kunnen waje, ƙarin ya ɓace. Dole maƙeri ya mayar da shi da hannunsa. Saboda haka kowane iyafis na kirki yana da tudu a wajen 3,000. Rigimar a kan tsayin tudun take. In ya yi tsawo, mawaƙiya sai ta riƙa yi maka tsawa a kunne, kakaki da algaita su zama azaba. In ya yi ƙasa da yawa, mai magana ya yi nisa, kalmomi su daina fita. A ganina mai neman ɗumi ya nemi tudun da bai wuce desibel takwas ko tara sama da tsakiya ba. Ko da an ƙara ƙasa yadda ya kamata, matuƙar tudun nan ya kai sha biyu, kunne ba zai ce ya ji ɗumi ba, don shi kunne auna wannan da wancan yake yi.

Sai yankin 5,000 zuwa 8,000, inda "s" da "sh" da "ts" suke. Hausa cike take da su, karatun Alƙur'ani ma haka, ga sinun ga shinun ga sadi. Iyafis mai tsini a wannan wuri zai sa kowane "tsaya" da "shi ya sa" su riƙa tsira maka. Ka kuma duba irin abin da muke saurara a zango. Da yawa daga tafsirin azumi da wa'azi da majalisin maulidi da waya aka ɗauke su, daga bakin lasifikar masallaci, sannan suka yi ta yawo a WhatsApp, wanda ke matse saƙon murya don ya rage nauyinsa. Irin wannan ɗauka tun asali tana da kaifi da ƙura a sama, ba ta da jiki a ƙasa. Iyafis mai haske, wanda masu bita, wato masu gwada kaya su rubuta ra'ayinsu, ke yabo da cewa yana fito da komai, aibin ɗaukar zai fara fito maka da shi. Mai ɗumi kuwa yana rufa mata asiri.

Wanda ya fara karanta bitar iyafis a intanet ba zai daɗe ba zai ci karo da sunan Harman. Kamfanin sauti ne na Amurka, wanda Samsung ta saye a 2017. Wani mai bincike a can, Sean Olive, da abokan aikinsa sun yi shekaru suna sa mutane su saurari sauti iri-iri ba tare da sun ga sunan kaya ko farashinsa ba, suna tattara wanda aka fi so. Daga nan suka fitar da layin awo da suke ganin ya fi gamsar da mafi yawan masu sauraro, kuma sigar 2019 ta iyafis ita ce ta fi yaɗuwa. Kamfanonin Sin da suka cika kasuwa a shekarun nan da yawansu wannan layi suke bi ko suke kewaye da shi. Aiki ne mai kyau, ya kuma rage yawan tarkace a kasuwa. Sai dai layin ya tara bes ɗinsa ne a can gindi, ya sauko da wuri kafin 200 zuwa 300, sannan ya tayar da tudun 3,000 sosai. Sakamakonsa sauti ne mai tsabta, mai rugugi a ƙasa, amma muryar namiji takan fito ba ƙiba. Don haka in ka ga an rubuta cewa iyafis ya bi Harman sau da ƙafa, ka sani yabo ne, amma ba shi kake nema ba. Binciken nasu ma da kansa ya nuna masu sauraro sun kasu: mafi yawa sun yarda da layin, wasu suna son a ƙara bes, wasu a rage.

Akwai dalilin da ya sa ɗumi ya fi dacewa da mazaunin Accra fiye da wanda ke zaune a ɗaki shiru yana rubuta bita. Ƙugin injin tirotiro, ƙaramar bas ɗin haya, daga Nima zuwa Circle ko daga Madina zuwa cikin gari, sauti ne na ƙasa. Robar iyafis kuwa ta fi iya tare siririn sauti. Mai kauri yana ratsa ta. Sai ƙugin motar ya shigo ya danne daidai yankin da ɗumin yake. Iyafis ɗin da ya yi daidai a ɗaka, a mota sai ya rame. Wanda ya ɗan yi kauri a ɗaka, a mota sai ya zo daidai. Ƙari a kan haka, tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna a ɗakin binciken Bell cewa idan ƙara ta yi ƙasa, kunne ya fi saurin rasa sautin ƙasa fiye da na tsakiya. Shi ya sa iyafis marar jiki ke tura babban yatsa zuwa maɓallin ƙari. Kana neman kaurin da babu, kana ƙara ƙarar, tudun 3,000 yana tashi tare da ita.

Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya a kan wannan ba mai wuya ba ne. Baligi zai iya jin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da fargaba ba. Duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu. A 90 saura awa huɗu a mako, a 100 kuwa wajen minti 20. Ƙananan ƙwayoyin gashi da ke cikin kunne in sun mutu ba sa tsirowa. Iyafis ɗin da ke gamsar da kai a rabin ƙara ya fi maka wanda sai an ƙure shi yake daɗi, ko da na biyun ya fi tsada.

Wannan zaizayewar sama ita ce ta sa nake hana mutane saya wa dattijo iyafis mai ɗumi sosai. In Baba ko Hajiya za ka saya wa don jin karatu da labarai, ka tuna kunnensu ya riga ya rage saman da kansa. Baƙaƙen da ke bambanta kalma da kalma suna can daga 2,000 zuwa sama. Ka ƙara musu duhu a kan wanda shekaru suka kawo, sai su riƙa jin murya amma ba sa jin magana.

Yanzu ga wurin da gizo ke saƙa: 'yar robar da ke shiga kunne. Bes na iyafis ya dogara ne kacokan ga iskar da aka kulle tsakanin 'yar lasifika da dodon kunne. Kafa ƙanƙanuwa ta isa ta zubar da shi, kuma ƙasan ne ke fara tafiya, ya bar maka sama tsirara. Mutum zai sayi iyafis da duniya ta shaida yana da ɗumi, ya sa robar da ta zo a kansa, ya ji shi kamar gwangwani, ya ce an cuce shi da jabu, alhali robar ce ta yi masa kaɗan. Kwali yakan zo da girma uku ko fiye. A gwada su duka, kuma ba dole ne kunnen dama da na hagu su ɗauki girma ɗaya ba. Hanyar sa shi ita ce ka ja saman kunnen sama da baya kaɗan da ɗaya hannun, ka tura, ka saki. In ya kulle, muryarka za ta cika maka kai in ka yi magana, hayaniyar waje kuma ta ja baya. Ka motsa muƙamuƙi kamar mai tauna. In bes yana zuwa yana tafiya, bai zauna ba.

Robar tana kuma canza launin sautin. Mai ƙaramin baki takan lafar da sama, ta sa ƙasa ya fi fitowa. Mai faɗin baki takan buɗe sama. Ta soso, irin ta Comply, wadda ake murzawa a cusa ta kumbura a ciki, ta fi kowacce toshe hayaniya, tana kuma ɗan rage kaifi. Matsalarta ita ce tana shan zufa da dauɗar kunne, kuma a zafin Accra ba ta daɗewa take ruɓewa, sai an riƙa sabuntawa. SpinFit da Final suna sayar da robobi daban masu kyau. Kuɗinsu kaɗan ne a kan na iyafis, amma sukan gyara abin da ƙarin dala hamsin ba zai gyara ba.

Me ake nufi da matsakaicin farashi? Na fi son a faɗe shi da dala, daga 50 zuwa 150, don kayan daga waje suke zuwa kuma sidi ba ya zama wuri ɗaya. Wanda ya ga 2022, shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba, ya san farashin sidi da aka rubuta bara ba abin dogaro ba ne. (In dattijo ya ce maka ya sayi nasa miliyan biyu, kada ka firgita. Tun 2007 aka yanke sifili huɗu, amma har yau wasu da tsohon kuɗi suke lissafi. Sidi 200 yake nufi.) Abin lura shi ne ƙasan kasuwar ya taso ƙwarai. Tun wajen 2022 ana samun iyafis na dala 20 zuwa 25, irin su Tangzu Wan'er da 7Hz Zero 2, masu gyararren sauti da ɗan ɗumi. Don haka wanda zai ninka wannan kuɗi sau huɗu ya kamata ya san abin da yake ƙara saye: gangar jiki mai ƙwari, igiya mai cirewa, robobi masu yawa, dama da hagu da suka yi daidai da juna, da sama mai santsi marar tsini. Bambancin yana nan, amma bai kai ninki huɗu ba.

A kwali za ka ga haruffa irin su DD da BA. DD 'yar lasifika ce irin wadda kowa ya sani, tantani da maganaɗisu da naɗin tagulla, faɗinta galibi milimita 6 zuwa 10. Ita ta fi tura iska, bes ɗinta ya fi kama da bugun fata. BA kuwa daga na'urar taimaka wa masu ƙarancin ji ta samo asali, Knowles na Amurka da Sonion na Denmak su ne manyan maƙeranta. Ƙarama ce, mai sauri, shi ya sa ake jera da yawa a kunne ɗaya. Akwai kuma filana, mai shimfiɗaɗɗen tantani, wadda ta yi tashe bayan 7Hz Timeless ya fito a 2021, kuma yawancin masu irinta sun karkata ga haske. Yawan lasifika ba shi ne inganci ba. Guda takwas da ba a daidaita su ba sun fi guda ɗaya rikici. A wannan farashi, ga mai son ɗumi, DD guda ɗaya da aka gyara da kyau ita ce hanya mafi aminci.

Igiya kuwa ita ce ke fara mutuwa, a wuyan fulogi ko a bayan kunne. In mai cirewa ce, ka sayi wata ka ci gaba. Mahaɗin iri biyu ne, MMCX mai juyawa da mai fil biyu na milimita 0.78, na biyun ya fi sauƙin samun madadi mai araha. Ka kuma duba makirfo tun kafin ka biya. Da yawa daga iyafis na masu son kiɗa ba su da shi, mu kuwa rabin aikin iyafis a wurinmu kira ne da saƙon murya.

Sunaye kaɗan don a samu abin kwatance. Shure SE215 tun 2011 yake kasuwa a wajen dala 100, DD ɗaya, mai ɗumi, sama a lafe har ya ɗan kusanci duhu, kuma yana toshe hayaniya ƙwarai. Ya tsufa, sababbi sun fi shi fito da ƙananan abubuwa, amma a cikin tirotiro har yanzu yana da hujja. Final E3000 na Japan, wajen dala 50, ƙaramin bututu ne mai laushin sauti, da shi ake iya kwanciya a kan kunne. Igiyarsa ba ta cirewa, kuma yana son waya mai ɗan ƙarfi. Yayansa E4000 yana da igiya mai cirewa. Moondrop Aria na 2021, wanda ya fito a wajen dala 80, yana tsakanin Harman da ɗumi, ga wanda ba ya son kaurin ya yi yawa. Etymotic ER2XR yana shiga can cikin kunne, ba kowa ke jure hakan ba, amma wanda ya jure ya rabu da hayaniya. Truthear Hexa kuwa, wanda shi ma ya fito a wajen dala 80, ana yabonsa ko'ina kuma ya cancanta, sai dai tsabta ya sa gaba, ba ƙiba ba. Misali ne na abin kirki da ba naka ba. Sennheiser IE 200 na 2023, wajen dala 150, an yi shi yadda robarsa ke zama a matsayi biyu, ɗaya ya rufe wata 'yar kafa bes ya ƙaru, ɗaya ya buɗe ta ya ragu. Kamfanin da kansa ke nan yake shaida cewa kullewar iska ita ce mai bes.

Duk sunan da ya yi tashe ana buga masa jabu, kuma kwalin jabun yakan yi kyau. Shure ko Sennheiser sabo dal a sulusin farashinsa, ko a tebur ko a shafin cinikin intanet na Jiji, araha ce da ba ta ado. Mai saye daga shagunan intanet na Sin ya sa kuɗin jigila da abin da za a iya caza a kwastan cikin lissafi, ya kuma san cewa mayar da kaya Shenzhen in ya lalace wahalarsa ta fi ribarsa. Wanda ke da ɗan'uwa mai dawowa daga Amurka ko Jamus ya fi kowa sa'a.

Abin da za ka soka iyafis ɗin a ciki ma yana da ta cewa. Apple ta cire ramin milimita 3.5 tun iPhone 7 a 2016, manyan wayoyin Samsung suka bi baya, Tecno da Infinix da itel kuwa da yawansu har yanzu suna da shi. In wayarka ba ta da rami, sai dongul, wato ɗan mahaɗin da ake sokawa a ramin caji, kuma ka tabbata mai ɗauke da guntun na'urar juya sauti ne a cikinsa, don wanda igiya ce zalla ba ya aiki a wayoyi da yawa. Na Apple dala 9 ne kuma ya wadatar da kusan kowane iyafis a wannan aji. Wani abu da ba a cika sani ba shi ne ramin wasu wayoyi da kwamfutoci yana da turjiyar lantarki mai yawa, kuma hakan yana karkatar da sautin iyafis mai lasifika da yawa. Truthear Zero:Red ma da gangan ake haɗo shi da wani ɗan mahaɗi mai turjiyar om 10 don ya ƙara masa bes. Mai DD ɗaya bai cika damuwa da wannan ba, wani dalilin ke nan na fifita shi.

Na Bluetooth fa? Kuɗinka a can an raba shi ne tsakanin batir da makirfo da na'urar kashe hayaniya da lasifika, don haka a farashi ɗaya mai igiya yakan fi shi sauti. Amma na'urar kashe hayaniya ta fi ƙwarewa daidai a kan ƙugin inji, wato tana maganin matsalar tirotiro daga tushe, kuma yawancinsu suna da manhajar gyara sauti. Illarsa batir ne: ba a canza shi cikin sauƙi, bayan shekara biyu ko uku ya fara gajiya, ranar da aka ɗauke wuta kuma ga shi ga waya suna layin caji.

Da yake ba kowane mai shago zai yarda ka fasa kwali ka cusa a kunne ba, koyon karanta zanen awo yana da amfani. Shafin squig.link ya tara dubbansu daga masu bita daban-daban. Hagun zanen sautin ƙasa ne, damansa na sama. Ka nemi layin da ya taso daga hagu ya gangaro a hankali har wajen 400 ko 500, ba wanda ya faɗo tsaye a 150 ba. Tudun 3,000 matsakaici. Babu tsini tsakanin 5,000 da 7,000. Tsinin da kake gani a daidai 8,000 galibi daga bututun awon ne, abin da ke bayan 10,000 kuma kada ka ɗora masa nauyi. Dabarar da ta fi ita ce ka ɗora zanen wanda kake so a kan na wanda ka taɓa ji, daga mai awo ɗaya, ka ga inda suka rabu.

In kuwa an ba ka damar gwaji, ka yi da wayarka da abin da ka saba ji, a ƙarar da kake ji a gida. Kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ya ce shi ya fi daɗi, don haka in kana gwada biyu ka daidaita ƙarfinsu tukuna. Fara da magana zalla: muryar tana da ƙirji? "S" da "ts" suna suka? Sannan kiɗa mai ganguna da yawa, ka ji ko kowane bugu yana fita da kansa ko sun dunƙule. Muryar mai magana ta tsaya a tsakiyar kai. In ta karkata gefe, ɗaya kunnen ya fi ɗaya ƙarfi, ka ajiye shi. Ka tafi da robarka, ko aƙalla abin gogewa, don ciwon kunne ana ɗaukarsa.

Wanda ya riga ya sayi iyafis mai kyau amma ya ji ya rame, kada ya yi saurin sayarwa. Manhajar ikwalaiza irin Wavelet a Android tana iya ɗaga ƙasa da 250 da desibel biyu ko uku, ta rage 3,000 da 6,000 da ɗaya ko biyu, a kuma sauke ƙarar gaba ɗaya kaɗan don kada sautin ya fashe. Ƙara wa mai tsabta ɗumi ya fi sauƙi a kan tsabtace mai laka.

Rubutun "20Hz–20kHz" a kwali bai gaya maka komai ba, kusan kowa yana rubuta shi. Tambarin Hi-Res shaida ce cewa abin yana kaiwa 40,000, inda ba ɗan Adam ɗin da ke ji. Zancen igiyar azurfa tana ƙara haske, ta tagulla tana ƙara ɗumi, ko a bar iyafis yana kiɗa kwana da kwanaki kafin ya nuna, ni ban ba shi kuɗina. Kunnenka ne ke sabawa.

Saura kulawa, don iskar Accra ba ta raga wa ƙarfe. Danshin teku da zufa suna sa igiya mai haske ta koma kore, mahaɗi ya yi tsatsa. Iyafis mai gangar ƙarfe in ya fito daga ɗaki mai sanyin na'ura ya shiga kunne mai zafi yakan tara raɓa a ciki, ta jiƙa 'yar ragar da ke bakin bututu. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke haɗuwa da dauɗar kunne ta toshe ta. Alamar ita ce gefe ɗaya ya yi ƙasa ko ya dushe, mutum ya ɗauka lasifika ce ta mutu. A goge shi bayan an cire, a ajiye a akwatinsa tare da 'yar jakar nan mai tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a riƙa share bakin da busasshen buroshi yana kallon ƙasa don dattin ya faɗo waje. In ragar ta toshe sarai, ana sayar da madadinta, wasu kamfanonin ma suna sako ta a kwali. A canza ta dama da ta hagu lokaci ɗaya, don ragar tana cikin abin da ke tace saman sautin, sabuwa da tsohuwa ba za su yi daidai ba.